Hoton Ƙafar Zuhura

Ina tsugune bakin murhu a gidan ɗiyata a Maraɗi, ina tura ganyen bedi, wato dogon yaro, cikin tukunyar ruwan wankan jego, sai wayata ta yi ƙara a kan turmi. Hantsi bai gama ɗagawa ba. A gefena ga kwanon romon kaza na rufe da faifai, wanda nake nufin kai wa Zuhura asibiti idan na sallami mai jego. Na goge hannu a zane na ɗauka. Hawa ce, matar ɗan Zuhura, wadda ke zaman jinyarta.

Ba ta yi sallama ba. Cewa kawai ta yi, "Inna Habi, Inna ta cika."

Na ce, "Wace Innar?"

Allah ya gani na san wadda take nufi. Bakina ne ya nemi abin faɗa. Na zauna a ƙasa, ruwa yana tafasa yana zuba cikin wuta, na kasa tashi in sauke shi. Ɗiyata ce ta fito da jariri a kafaɗa ta janye itacen.

Zuhura ƙawata ce. A saman motar kasuwa muka haɗu, kowace da goyo a baya, a hanyar Bader Goula. Ni ina tafe da garwar man gyaɗa da buhun ƙuli-ƙuli, ita da kwandon cuku, wato madarar nan da matan makiyaya ke daskararwa su shanya a kan tabarma har ta bushe fale-fale. Motar ta kafe a rairayi. Maza suka sauka turi, mata muka koma gindin wata aduwa muna ƙorafi. Ita ko sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƴar buta da ganyen shayi da dunƙulen suga, ta tattaro ƙirare, kafin a ce wani abu ƙamshi ya tashi. Ta miƙo min kofi ta ce, "Karɓi, mai ƙuli. Ku Hausawa in mota ta tsaya kamar duniya ta tashi."

Na ce, "Ku kuma Buzaye ko kabari anka kai ku sai kun nemi wurin ɗora buta."

Ta yi dariya har goyonta ya farka. Daga ranar ba mu sake hawa mota dabam-dabam ba.

Iyayenta mutanen arewa ne. Fari ya cinye dabbobinsu tana ƙarama, suka gangaro suka zauna Dakoro. Ta tashi da Hausa a bakinta kamar kowa, amma ƙafarta ba ta koyi zama ba. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, Attaher, kuma da kwandon nan ta raine shi. Ba ta faɗin sunansa, tunda ɗan fari ne. Yana yaro tana ce masa "wancan", da ya girma ya kama tuƙin babbar mota a hanyar Agadas sai ya koma "Direba". Ta san matan rugage da na zango ɗaya bayan ɗaya, daga Roumbou har can inda hanyar mota ke ƙarewa. Takan ɗaga cuku ta duba shi a rana, ta lanƙwasa kaɗan, ta faɗi sunan wadda ta yi shi. Kuma mace ce mai son ado. Ban taɓa ganin ƙafarta ba lalle ba, baƙi wuluk, irin wanda ake bi da gishirin lalle da toka bayan an kwance ƙunshi. Ko cikin rairayin kasuwa ka hango ƙafar nan ka san ita ce.

Ciwon ya zo mata a hankali. Ƙishirwa ta fara yi mata yawa, tana yawan tsayar da mota, zanenta yana ƙara zagayawa. A Maraɗi aka ce ciwon suga ne. Shekarun farko duk wata sai ta je can ganin likita, kuma in faɗi gaskiya tafiyar daɗi take yi mata. Takan tafi da cuku ta dawo da atamfa. Magani kuwa, ranar da ta tuna ta sha. Ana nan wata ranar kasuwa a Bader Goula, tana cikin ciniki, ta sulale ta faɗi a kan kwandonta. Ni na riƙe kanta a cinyata har Dakoro, ina kiran sunanta ba ta amsawa.

Attaher ya zo a gigice. Da ta farfaɗo ya durƙusa gabanta, ina zaune, ya ce, "Inna, wallahi tallahi ba ki sake hawa motar kasuwa sai ranar da likita ta ce da bakinta ki hau."

Ta dube shi ta ce, "Direba, ka san abin da ka hwaɗa?"

Ya ce ya sani.

A daidai lokacin ne wani furoje ya zo, wato shiri na kula da masu ciwon suga da hawan jini ta waya. Majo Halidu, ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin unguwarsu, shi ya rubuta sunanta. Aka ba ta ƴar na'urar da ake tsaga yatsa a ɗiga jini ta nuna lamba. Attaher ya aiko da babbar waya. Kowace safiya Hawa ta ɗauki hoton lambar ta aika. Mako-mako kuma likita ta kira daga Yamai, su ga juna a fuskar waya, a aika mata hoton ƙafafu sama da ƙasa, domin an ce ciwon nan ta ƙafa yake shammatar mutum. Magani da allura kuwa wurin Majo za ta riƙa karɓa duk wata. Ba sauran zuwa Maraɗi.

Likitar sunanta Aisata, Bazabarma ce, ba ta wuce sa'ar Attaher ba. Tun kiran farko Zuhura ta gane abokiyar wasa ta samu, tunda tsakanin Buzu da Bazabarme ba a raba su da tsiya. Likita ta ce, "Mama, ka sha magani?"

Zuhura ta juyo ta dube ni ta ce, "Ji min baiwar nan. Shekara nawa ta yi tana karatu a lakwal, har yau ba ta san mace da namiji ba."

Likita ta ƙyalƙyale ta ce, "Mama, ni ce uwar gijiyarki yanzu. Shayi nawa yau?"

"Ɗaya."

"Hawa, gaskiya ne?"

Hawa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Likita ta ce, "To uku ke nan."

Ba zan zalunci wayar nan ba, ko da yake zuciyata tana so. Ta yi wa Zuhura aiki. Abin da shekarun zuwa Maraɗi ba su yi ba, ta yi shi cikin watanni, domin can sau ɗaya a wata ake ganinta, nan kuwa kullum akwai ido a kanta. Likita Aisata ta koya mata yi wa kanta allura a cinya. Ta koya wa Hawa binne ɗan tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi a sa kwalbar allurar don kada zafi ya lalata ta. Ta zauna da su a kan maganar fura da tuwo, ba ta ce a bari ba, ta nuna iyakar ludayi. Wani azumi Zuhura ta fara rawar jiki da gumi ana dab da la'asar, Hawa ta kira, likita ta ɗauka nan take ta ce a ba ta dabino ta karya, ta kuma tsaya a kan wayar har jikin ya dawo. Ba don haka ba, da tun ranar muka yi zaman makoki. Zuhura ta yi ƙiba kaɗan, idonta ya washe, ba ta sake faɗuwa ba.

Sai dai ba ta sake fita ba.

Ba wai an kulle ta a ɗaki ba ne. Tana zuwa suna, tana zuwa gaisuwa cikin unguwa, sanye da safa da rufaffen takalmin da likita ta ce. Amma ga macen da ta saba wayewar gari a wannan gari faɗuwar rana a wancan, Dakoro ta zame mata tsakar gida mai faɗi kawai. Duk abin da a da ke fitar da ita, yanzu yana iske ta a kan tabarma. Likita na cikin waya. Ɗanta na cikin waya. Abinci Attaher ke aikowa. Ranar da motoci ke lodi, takan jawo kujera kusa da katanga ta zauna, ta san kowace mota da kukanta. Idan na dawo daga kasuwa, kafin in je gidana sai na biya ta wurinta. Ta kama gefen mayafina ta shinshina ta ce, "Kin zo da warin hanya. Zauna ki ba ni labari. Wa kika gani? Sun tambaye ni?"

Da farko suna tambaya. Daga baya wata ta kama sayen cukun, tambayar ta ragu. Nakan ce mata duk suna gaishe ta.

Na sha jin su da Attaher a waya. Takan ce, "Direba, kai kana can kana cin hanya, ni ka ɗaure ni a turke kamar ragon layya."

Shi kuma ya ce, "Inna, likita na cikin ɗakinki. Mi za ki nema a hanya?"

"Hanyar."

Sai ya yi dariya ya canza magana. Ba mugu ba ne. Ya ga uwarsa kwance kamar gawa sau ɗaya, ba ya son ya sake gani.

Wata rana na ce mata, "Ƙawa, rantsuwa ai tana da kaffara. Ki matsa mashi ya yi azuminshi ki huta."

Ta ce, "In sa shi azumi a bisa hanyar Agadas cikin zahin nan, don ni in tahi yawo? A'a. Shi ya ɗaura, Bazabarma ta kwance. Haka munka yi."

Don haka duk kiran mako, bayan an gama maganar lamba, sai ta kawo tata. "To, yaushe?" Likita ta ce sai sugan ya zauna. Da ya zauna, sai ƙafafun suka fara nasu. Tafin ya mutu, ko tsinke ka soka ba ta ji, amma daga ciki yana yi mata zafi kamar ta taka garwashi. A nan ne likita ta hana ta lalle. Ta ce a hoto ba ta iya raba baƙin lalle da baƙin ciwo, tana so ta ga fata yadda Allah ya yi ta.

Wannan ya fi hana ta suga ciwo. Ta bi umarni, lallen ya yi ta kodewa har ya fita. Ta riƙa ɓoye ƙafar cikin zane ko a gabana. Ta ce, "Dubi, kamar ƙasan tabki da rani. Takabar wa nake yi? Kuma wai ita za a ɗauka a aika Yamai, Zabarmawa su taru su yi kallo."

A ƙarshen bazarar bana likita ta ba ta abin da take jira. Ina wurin. Ta ce, "Mama, ga alkawari. Idan damina ta wuce ƙafarki ba ciwo, kasuwar kaka za ki je. Kusa, ba nesa ba. Gaban mota, ba sama ba. Kuma da Mama Habi."

Zuhura ta ce, "Sake hwaɗi, Hawa ta ɗauki muryarki a aika ma Direba."

Aka ɗauka aka aika. Ranar ta sa Hawa ta sauko da kwandon daga saman rumfa, ta kakkaɓe shi da kanta, ta gyara bakinsa da ya warware. Ta ce Roumbou za mu fara zuwa.

Da damina ta yi tsaka na taho Maraɗi, cikin ɗiyata ya tsufa. Abin da ya faru bayan tahowata, Hawa ce ta ba ni labarinsa, sauran kuma Zuhura da bakinta a gadon asibiti.

Zafin ƙafar ya tsananta. Ta tsoma su a ruwa, ta jingina su da randa, duk a banza. Ta kwana biyu ba barcin kirki. Abin da ta sani tun tana yarinya, abin da uwarta ke yi wa duk mai zafin ƙafa, shi ne lalle, domin yana sanyaya jiki. Ta ce wa Hawa ta kwaɓa. Hawa ta tuna mata maganar likita. Ta ce, "Sau ɗaya ne, ɗiyata. In samu in runtsa." Wace matar ɗa ce za ta dubi uwar mijinta tana murƙususu ta ce a'a? Hawa ta ƙunsa mata. Da aka kwance, Zuhura ta ce tunda an yi a yi shi yadda ake yi, aka bi da gishirin lalle da toka. Ƙafa ta fito baƙa sitik har yatsu. Kuma ta samu barci, wannan gaskiya ne.

Da hoton ya isa Yamai likita ba ta yi wasa ba ranar. Ta ce, "Mama, ban hana ki ba? Yanzu ni makauniya ce. Lalle ba ya wankuwa, sai ya ga dama. Gobe ki je Majo ya duba ƙafar da hannunsa, tsakanin yatsu, ko'ina."

Ta je. Amma lokacin zazzaɓin damina ne, asibitin ya cika har waje, mata da yara kwance a baranda, Majo Halidu shi kaɗai yana kai da kawowa. Da layi ya zo kanta, a nan barandar Majo ya tsaya. Ya ce, "Inna, maganinki ne? Likita ta ga hoton ƙahwa na wannan mako?"

Ta ce, "Ta gani."

Ya ce, "To madalla," ya miƙa mata magani ya juya wurin wani yaro da ke shiɗewa.

Ta ce min ta yi niyyar ta tsayar da shi. Amma ta dubi yaron nan, ta dubi jama'a, maza da mata, ta ga ba za ta iya tuɓe safa ta miƙa wa sa'an ɗanta ƙafa a bainar mutane ba, alhali ba abin da ke yi mata ciwo. Da likita ta kira ta tambaya, ta ce, "Na je wurin Majo." Ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Likita ta ɗauka Majo ya taɓa, Majo ya ɗauka likita ta gani.

Ba wanda ya san ranar da ƙayar ta shiga. A Maraɗi ne aka zaro ta, ƴar guntuwa, daga ƙarƙashin babban yatsa. Wataƙila da asuba ne ta fita alwala ba takalmi. Ba ta ji shigarta ba. Ko ta duba, idonta ba ya ganin ƙaramin abu, kuma wurin baƙi ne cikin baƙi. Hoto ya ci gaba da tafiya Yamai duk mako. Lambar safe ta fara hawa, likita ta ƙara mata allura, ta yi ta tambaya ko akwai zazzaɓi, ko akwai inda ke ciwo. Zuhura ta ce lafiya lau.

Daga baya kaluluwa ta fito mata a matsematsi. A nan ta san akwai wani abu a ƙafar. Na tambaye ta, "Don Allah mi ya hana ki hwaɗa?"

Ta ce, "Gero ya hwara kai, ƙawa. Saura kaɗan. Na ce in na yi magana za ta ɗaga min zuwa baɗi. Ni kuma ba ni da baɗin zama."

Hawa ce ta fara jin warin, wurin wankin safa. Ta rasa yadda za ta yi. Ba a buɗe baki a ce wa uwar miji jikinta yana wari. Ta riƙa ƙara turaren wuta a ɗakin, tana fatan ko Innar za ta faɗa da kanta. Da ta ga ƙuda sun fara bin ƙafar, ta fita bayan gida ta kira ni tana kuka.

Na ce ta kai mata wayar. Zuhura ta karɓa da fara'a. "Mai ƙuli, kin samu jika kin manta da mu."

Na ce, "Tuɓe safar nan Hawa ta duba."

Can ta ce, "Wa ya kai maki tsegumi?"

Na ce, "Ki tuɓe, ko in kira Direba yanzun nan."

Ba ranar kira ba ce, amma da Hawa ta nemi likita ta ɗauka. Ta ce a fito da Zuhura haske, a kawo wayar kusa. Ta ce wa Hawa ta raba yatsun, ta danna ƙarƙashin babban. Hawa ta danna, fatar ta burma, ruwa ya fito. Zuhura tana kallon sama, ba ta ji komai ba. Likita ta ƙura wa wurin ido. Sannan ta ce, "Mama, yau za ki tafi Maraɗi. Ba gobe ba. Zan kira Majo ya nemo motar asibiti."

Zuhura ta ce, "To kin ce in hau mota ke nan? Da bakinki?"

Likita ta ce, "Na ce."

"Hawa, kin ji. Ki shaida ma Direba rantsuwarshi ta sauka."

Na riga su isa asibitin. Da aka sauko da ita jikinta zafi rau, amma tana ganina ta ce in gyara mata ɗankwali. Likitocin can suka duba suka ce ciwon ya ci ƙashi, ya fara shiga jini, sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ta ce ba ta yarda ba. "Da mi zan taka in hau mota?" Aka yi lallashi, ta juya fuska bango. Sai da Attaher ya iso, ƙurar hanya a jikinsa, ya durƙusa ya kifa kansa a gefen gadon yana kuka kamar yaro, yana cewa shi ya ja, shi ya tsare ta. Ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Tashi, kana ba ni kunya gaban mutane. A yanke." Aka ce sai zazzaɓin ya sauka kaɗan, sugan ya daidaita, sannan a shiga da ita. Ba su sauka ba. Da ƙafarta biyu ta koma ga Ubangijinta.

Dakoro muka kai ta. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. Ƙafar ciwon tana naɗe, ba mu buɗe ba. Ɗayar kuwa lallen yana nan ras, ya zauna mata kamar yadda na san shi shekara da shekaru. Na riƙe ta a hannuna na daɗe, sai da babbar da ke jagorantar wankan ta taɓa ni a kafaɗa.

Muna zaman makoki likita Aisata ta kira wayar Hawa ta yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka miƙo min, na ji muryarta ta dushe. Ta ce, "Mama Habi, na san lambar jininta ta kowace safiya. Na san irin tarinta. Amma ban taɓa riƙe hannunta ba ko sau ɗaya." Na ce mata ta yi iyakar ƙoƙarinta, kuma har zuciyata haka nake gani. Majo Halidu ya zo da kansa ya zauna cikin maza har aka shafa fatiha, bai iya haɗa ido da Hawa ba. Ni ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba. Kowa ya so ta da rai. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya buɗa mata kabarinta iyakar ganinta.

Ranar da ta rage mata a duniya na je da la'asar. Attaher ya fita neman magani, Hawa ta tafi salla. Zazzaɓin ya ɗan lafa, idonta a buɗe. Na zauna a bakin gadon ina yi mata fifita.

Ta ce, "Kin san abin haushi? Shekara da shekaru ina jiran hanyar nan, ranar da na hau ta a kwance anka ɗauko ni. Rufin mota kaɗai na gani tun daga Dakoro. Hwari ne, da wata ƴar tsatsa a kusurwa."

Na ce, "Ba ki yi asarar komi ba. Hanya na nan yadda kika bar ta."

"Ƙarya kike, mai ƙuli. Ya gonakin Kornaka?"

Na ce sa'ad da na wuce gero bai fi gwiwa ba.

Ta ce, "Wannan tsohon labari ne. Ya yi bununi yanzu. Mai tuƙa motar asibitin ya ɗan sauke gilashi, na ji ƙamshinshi. Na ce ma Hawa ta ɗaga ni in gani, ta ce an hana." Sannan ta ce, "In anka yanke, ana iya zama gaban mota da ƙahwa ɗaya?"

Na ce, "Har wuri ya ragu ma kwandonki."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Na ba ta ruwa ta kurɓa.

Ta ce, "To in za mu koma gida, a zaune zan koma. Kuma ni ce bakin taga."

Na ce, "Ke ce."

"Kada ki zo ranar ki ce jiri kike ji, na san halinki."

"Na bar maki, Buzuwa."

Ta lumshe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke ta, na tashi a hankali ina neman takalmina. Sai ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Hadari ne nake ji?"

Na leƙa waje na ce, "Shi ne. Ya haɗo daga gabas."

Ta ce, "To yi sauri ki tahi kada ya tare ki."

Na ce, "Sai da sahe, ƙawa."

Ta ce, "Allah ya kai mu."